Azahara, takwarar Inna

Tun da na yi wayo, sau ɗaya tak sunan mahaifiyata ya taɓa fita daga bakina. Inna muke ce mata. In an aike ni wurin wata mai irin sunanta, sai in ce an aiko ni wurin mai sunan Inna. Gwaggo kaɗai, yayar mahaifinmu, ke ɗaga murya tun daga zaure ta ce, "Zara'u, kina ciki?" Yau ma da zan rubuta shi sai da hannuna ya yi nauyi, amma labarin nan ba ya tafiya sai da shi. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta.

Mahaifinmu ɗan kasuwar 'Yan Lemo ne a Kano, inda manyan motoci ke sauke lemon Binuwai. Da ya rasu ina ɗan shekara tara, Inna ba ta bar sana'ar ta bi shi ba. Abokan cinikinsa su aiko mata da rabin buhu bashi, ta zauna a inuwar lemon tsamin da ke bakin rijiya ta fere, ni kuma in jera a faranti in nufi bakin tasha. Tana da wata 'yar wuƙa da wasawa ta cinye har ta zama siririya. Sai ta riƙe lemo a hagu tana juya shi a hankali, ɓawon yana saukowa a murɗe, zare ɗaya, ba ya tsinkewa har ya taɓa ƙasa, farar rigar ciki kuwa ko ƙwarzane babu. Ɓawon ta rataye a igiyar shanya, in ya bushe a jefa cikin garwashi da daddare saboda sauro. Duk sanda za ta shafa kaina, ƙamshin lemo ne ke riga hannun isowa. Na fi shekara goma ina cin abinci da lemo, ina gane mai ruwa daga nauyinsa a tafin hannu, amma ban taɓa tambayar kaina yadda furensa yake ba.

A 2005 na bar gida. Agadas, Tamanrasat, Maroko, shekara biyu a hanya. Abin da ido ya gani a hamada da bakin teku labarin wata rana ne. A ƙarshen 2007 na tsinci kaina a kudancin Sifaniya, ba takarda, ba yare, sai lambar wayar wani Bahaushen zangon Kumasi da aka ba ni. Shi ya ce in same shi a Palma del Río, wani gari a lardin Kordoba inda kogin Genil ke zuba cikin Guadalquivir. Da na sauka daga mota na ga gonakin lemo iya ganin ido, sai hankalina ya ɗan kwanta, na ce wannan kam abu ne da hannuna ya sani.

Aikin ba na rago ba ne. Tun duhun asuba a kwashe mu a mota, sanyi na ratsa ƙashi, raɓa ta jiƙa ganye, ka kafa tsani ka hau kana datse lemo ɗaya-ɗaya da ɗan almakashi, ka datse kurkusa don kada guntun karan ya huda na kusa da shi a akwati. Akwati guda ya kai kilo 20, kuma a kafaɗa za ka fito da shi bakin hanya. Wanda ba shi da takarda ba shi da baki. Akwai ɗan kwangilar da ya riƙe mana kuɗin mako uku ya ɓace, na bar shi da Allah.

Cikin Maris na 2008 aka kai mu wata gona mai lemon da ke nuna a makare. Irin wannan, bishiya ɗaya sai ka gan ta ɗauke da nunannun 'ya'yan bara, ga kuma sabon furen bana. Tun kafin mu sauka daga mota wani ƙamshi ya tare mu, mai sanyi, mai zaƙi, kamar an fasa kwalbar turare cikin raɓa. Na tsaya riƙe da tsani na kasa gaba. Ƙananan furanni ne farare tas, ganye biyar-biyar, masu kauri kamar da kakin zuma aka yi su, tsakiyarsu rawaya, ƙudan zuma na ta kai-kawo a kansu. Wani dattijo ɗan garin da ke kula da ayarinmu ya ga na shagala, ya tsinko guda ya ɗora mini a tafin hannu, ya faɗi wata kalma. A kunnena "la'asar" na ji. Na dubi rana, ko hantsi bai gama ɗagawa ba. Na yi masa alamar ban gane ba, sai ya tsuguna ya rubuta da yatsa a kan ƙasa: azahar.

Gabana ya faɗi. Kalmar da nake ji kullum tun ina goye, ga ta da rubutun Bature a tsakiyar gonar lemo. Su ba sa furta harafin h, kuma mutanen Kordoba z ɗinsu s ce, shi ya sa ta zo mini kamar la'asar. Wani ɗan Maroko da muke aiki tare ya ce ai tasu ce, az-zahar, fure ke nan da Larabci, a garinsu ma ruwan furen lemo ake ɗiga wa shayi da kayan zaƙi ranar biki. Shi ya fara buɗe mini ido cewa Musulmi sun yi mulki a wannan ƙasa daga 711 har faɗuwar Granada a 1492, kuma yarensu ya haɗiye kalmomin Larabci da "al" ɗinsu gaba ɗaya, kamar yadda namu ya yi. Mu muka ce alƙali, su suka ce alcalde suna nufin magajin gari. Sukari azúcar, zaitun aceituna, kogin da muke wucewa kullum ma Wadil Kabir ne bakinsu ya lanƙwasa. Ranar na sa furen a aljihun gaba. Da dare na kira Inna ta wayar Yaya na ce mata yau na ga furen lemo. Ta ce, "To, Allah Ya sa ka ga alheri. Kana dai salla a kan lokaci?"

Watan Afrilu na 2009 ina kan tsani waya ta yi ƙara. Yaya ne. Bai ja gaisuwa ba, ya ce, "Sai haƙuri, Inna lokaci ya yi. Yanzu muka dawo daga kai ta." Na sauko na zauna a kan akwati, duk iskar da ta kaɗa sai furanni su zubo mini a kafaɗa. A lokacin, doka ita ce sai baƙo ya cika shekara uku a ƙasar, ya kuma sami mai ba shi kwangilar aiki, kafin ya nemi takardar zama. Ni ina da shekara ɗaya da rabi. In na fita babu dawowa, ga bashin hanya ban gama biya ba, ga ƙannena mata biyu na jiran abin da zan aiko. Ban je ba. 'Yan'uwa Musulmi da muke ɗaki ɗaya suka taru da dare aka yi ƙulhuwallahu, aka dafa shinkafa aka raba. Iyakar zaman makokin da na yi wa matar da ta ƙare ƙarfinta a firar lemo don in ci ke nan.

Daga wannan shekara ƙamshin ya zame mini ciwo. Mutanen Andalus, wato wannan yanki na kudancin Sifaniya, murna suke yi in ya shigo, shi ne shaidar hunturu ya wuce, shi ke cika titunan Kordoba da Sevilla lokacin bukukuwansu na makon Ista, amarensu ma tun da da shi ake yi musu ado. Ni kuwa Maris na kamawa abinci ke fita raina. A cikin wannan hali na yi wa Allah alkawari a sujada: in Ya ba ni 'ya mace, takwarar Inna ce.

Takarda ta fito a 2011. Na je gida a 2012, Yaya ya kai ni maƙabarta ya nuna mini wurin, damina uku ta riga ta daidaita ƙasar. Na yi aure a 2013, mai ɗakina ta iso a 2015, muka koma cikin birnin Kordoba inda na sami aiki a wurin tantance 'ya'yan itatuwa da zuba su a kwali. A ƙarshen 2016 likita ya duba ya ce mace ce.

Nan wata damuwa ta taso wadda ban taɓa hango ta ba. A gida abin mai sauƙi ne. A raɗa wa yarinya sunan kakarta, liman ya faɗa, maroƙi ya maimaita, daga nan a rufe shi da Ummi ko Mama ko Walida, uban ya rayu ya mutu bai furta ba. A nan kuwa abin da ke takarda shi ne mutum. A asibiti, a makaranta, a ofishin baƙi, duk teburin da ka je tambayar farko sunan yarinya, kuma kai uba da bakinka za ka faɗa, wani lokacin har sau uku, harafi-harafi. Sannan na ga yadda bakinsu ke yi wa sunayenmu. H ba ta fita, ɗan wakafin saman nan da ke tsakanin a da u kuma kwamfutarsu ba ta son sa. Na gwada rubuta wa wani abokin aiki sunan a takarda, abin da ya karanto ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Na riƙa hango wata ma'aikaciya ta leƙo ɗakin jira ta ƙwala sunan Inna a karye a gaban jama'a, ni kuma in miƙe in ce ga mu. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. A wurina ba ƙarami ba ne. Ban yi jinyarta ba, ban ɗauki makararta ba, kunyar nan ita kaɗai ta rage mini da zan ci gaba da yi mata.

Mai ɗakina ta ce to mu sa Fatima, tunda Zahra'u laƙabin Nana Fatima ne, 'yar Manzon Allah (SAW), kuma su ma sun san sunan: akwai garin Fátima a Fotugal da Kiristoci ke kai ziyara tun 1917, 'ya'yansu mata da yawa na amsa shi. Shawara ce mai kyau. Amma Inna ba da Fatima aka yanka mata rago ba, Zahra'u ne zalla, kuma shi na yi alkawari.

Wata rana ina dawowa daga aikin safe na biyo ta ƙofar wata makarantar ƙananan yara an tashi. Wata mata ta ɗaga murya, "Asa'ara! Asa'ara!" Wata 'yar yarinya ta rugo ta gabana. Ƙananan yaransu suna ɗora wata riga a kan kayansu, da sunan yaro a ɗinke da zare a ƙirji. Na karanta: Azahara. Na san kalmar a allunan hanya da jikin motar da ke kai masu yawon buɗe ido wani kufai a bayan gari, amma ban taɓa sanin ana sa wa mutum ba. Na tsaya a bakin titi ina jujjuya shi a baki. Sunan Inna ne, amma ya sauya riga, har ina iya faɗinsa ban ji na yi mata rashin kunya ba.

A benenmu akwai wata tsohuwa da ta haura shekara 80, ta ɗauki mai ɗakina kamar jika, mu ma Kaka muke ce mata da Hausa har ta koyi amsawa. Ita na fara tambaya. Ta ce a zamaninta babu mai kai jaririya coci da wannan suna. Sa'o'inta in ba Rafaela ba, saboda Mala'ika Rafael da mutanen Kordoba suka ɗauka mai tsaron garinsu, to Fuensanta ce, ko Dolores, ko Carmen, kusan kowacce da María a gaba. A mulkin Janar Franco, wanda ya riƙe Sifaniya da ƙarfin soja, sunan da coci ya sani ake so, kuma da Sifaniyanci. Bayan mutuwarsa a 1975 aka sassauta dokar, Andalus ta sami ikon tafiyar da harkokinta a 1981, matasan iyaye suka shiga neman sunayen da ke da ƙamshin ƙasarsu. A nan Azahara ya sami ƙofa. Daga baya na ga gaskiyar maganarta da idona: duk Azaharar da na haɗu da ita, a kanti ko a asibiti, haihuwar shekarun 1980 ce zuwa yau, ban taɓa cin karo da tsohuwa mai sunan ba. Wadda aka fi sani cikinsu 'yar wasan golf ce daga lardin Malaga, Azahara Muñoz, haihuwar 1987. Kuma ko yanzu ba sunan kowa da kowa ba ne. A jerin da hukumar ƙididdigar ƙasar ke fitarwa duk shekara, Lucía ta yi kusan shekara 20 tana kan gaba, su Sofía, María da Martina na bin ta, Azahara ko kusa da goman farko ba ya zuwa. Kana barin Andalus ka yi arewa sai ya ƙara ƙaranci.

Na ce ba zan yanke shawara ba sai na ga kufan da idona. Wata Lahadi cikin Janairu muka je, mai ɗakina da cikinta wata bakwai tana takawa a hankali. Wurin yana kimanin kilomita 8 yamma da Kordoba, a gindin duwatsun Sierra Morena. Madinatuz Zahra ne sunansa na asali. Abdurrahman na Uku, na gidan Banu Umayya, wanda ya ayyana kansa halifa a 929, shi ya sa aka fara gina shi wajen 936 zuwa 940, hawa-hawa a jikin tudu, fada a sama, lambuna a tsakiya, gari a ƙasa. Faɗinsa hekta 112. Bai cika shekara 80 ba yaƙin basasa ya ci shi. Tsakanin 1010 da 1013 aka wawashe shi aka ƙone, daga baya mutane suka yi ta kwasar duwatsunsa suna gina nasu, har sunan ya ɓace aka koma ce wa wurin Tsohuwar Kordoba. Sai a 1911 aka fara tono shi, kuma abin da aka fito da shi har yau bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Muka ratsa ta ƙarƙashin bakuna masu siffar kofaton doki, ja da fari. Daga wani tudu na hango harsashin masallacinsu, ba rufi ba bango, amma sahu-sahun ginshiƙan na nan a ƙasa, fuskarsa ta kauce wa sauran gine-ginen ta dubi alƙibla. Na daɗe a tsaye a wurin.

Mai yi wa baƙi bayani ta ba da labarin da kowane ɗan Kordoba ya sani, wai halifa ya gina birnin ne don wata ƙwarƙwararsa mai suna Zahra, wai ta yi kewar dusar ƙanƙarar duwatsun Granada, sai ya sa aka cika tudun da itatuwan lauz don in sun yi farin fure ta ga kamar ƙanƙarar ce ta sauka. Da ta gama ta ce masana tarihi tatsuniya suka ɗauke shi. Abin da suka fi karkata gare shi, ma'anar sunan "birni mai haske", kuma gasa ce da daular Fatimiyya ta Arewacin Afirka, waɗanda su ma ke da'awar halifanci suna jingina kansu ga Fatimatuz Zahra. Wannan bayani na biyu ya fi kwanta mini, don ya mayar da sunan inda Inna ta samo nata.

A hanyar dawowa mai ɗakina ta yi shiru, can ta ce, "Maigida, yanzu sunan kufai za mu sa wa yarinya? Garin da bai yi ƙarko ba?" Maganar ta tsaya mini a rai. Ban ba ta amsa ba sai da na je wurin limamin da muke bi Juma'a, wani malami ɗan Maroko. Na zayyana masa komai, har da azahar ɗinmu ta salla. Ya ɗauko takarda ya rubuta kalmomi biyu. Ta farko da zadi, ita ce zuhur, tsakar rana, wadda Bahaushe ya mayar azahar. Ta biyu da zaira, kuma daga tushenta fure ya fito, haske ma ya fito. Ya ce wannan tushe ɗaya shi ya haifi zahra ta fure, da Zahra'u mai haske, da Azhar ta Alƙahira, da Zahrawani, wato Baƙara da Ali Imrana kamar yadda hadisi ya kira su, da Zuhura tauraruwa. Na ce ai mu ma muna da ita, Zara matar wata. Ya ce sunan ya girmi birnin da ɗaruruwan shekaru, kuma abin da shari'a ta ɗora wa uba shi ne ya zaɓi suna mai kyakkyawar ma'ana, wannan kuwa duk ta inda ka juya shi, ko fure ne ko haske. Ya ƙara da cewa in gaya wa uwargida birnin ba duwatsu kaɗai ya bari ba: Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan da Turawa suka yi ƙarni da ƙarni suna koyon tiyata daga littafinsa, da sunan garin ake kiransa.

Cikin hirar na ji yana ta cewa Ƙurɗuba, Ƙurɗuba, sai wani abu ya faɗo mini. Ƙurɗabin da muka biya a zauren malam tare da Ahalari da Ishmawi, ashe nisba ce zuwa garin da nake kwana nake tashi. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda Inna ke ajiye wuƙa ta kasa kunne in masu bege sun biyo layinmu da ita cikin watan Mauludi, a nan aka haife shi. Na fito ina jin ba baƙon wuri zan kawo sunanta ba.

Saura Gwaggo. Ita ce babbar da ta rage mana, ba a yanka rago a gidanmu ba da saninta ba. Na kira na gaishe ta, na kwaso bayani tun daga gonar lemo. Ta bari na gama, ta ce, "Kai ɗan nan, duk sunayen duniya ka rasa na sa wa takwarar Zara'u sai lokacin salla? In an sami namiji kuma sai ka ce Magariba?" Na ce, "Gwaggo, ba azahar ta salla ba ce, sunan Inna ne da bakin mutanen nan." Ta ce, "Sunan Nasara dai." Na ce, "Wallahi Gwaggo, daga Musulmi suka gaje shi." Ta yi shiru. Sai na faɗi abin da ban yi niyyar faɗa ba: "Gwaggo, ban zo jana'izarta ba. So nake in riƙa kiranta kullum, kuma ba zan iya kiran sunanta ba." Na ji tana jan hanci. Can ta ce, "A nan Zahra'u za a raɗa, da ragonta, a ƙofar gidan ubanka. Abin da za ku rubuta a takardarku ku kuka sani. Allah Ya sauke ta lafiya."

Cikin Maris na 2017 naƙuda ta zo da gardama, aka shiga da ita tiyata. Ina tsaye a ƙofar asibiti da asuba, lemon ɗacin da suke dasawa a bakin titi duk ya yi fure, ƙamshin ya cika ko'ina. Shekara takwas ina gudunsa. Ranar na tsaya cikinsa ina ta salati har aka leƙo aka kira ni. Na karɓe ta, na yi mata kiran salla a kunnen dama, iƙama a hagu, sannan na sunkuya na raɗa mata sunan Inna cikakke, yadda liman ya raɗa shi shekara sittin baya. Wannan ne sau ɗayan da na faɗa, kuma ita kaɗai ta ji.

A nan asibiti ke aika rajistar haihuwa cikin awa 72, ba sa jiran kwana bakwai. Ma'aikaciyar ta miƙo takarda na rubuta Azahara. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "Sunan garinmu ne fa." Na ce mata da Sifaniyancina na gona, sunan mahaifiyata ne. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta dai dafa hannuna ta ce ya yi kyau. Ranar bakwai Yaya ya yanka rago a Kano, ya ɗaga mini waya ina jin liman na addu'a. Kaka ta hauro da wani burodi mai siffar zobe da ta gasa da kanta, irin wanda suke ci ranar 6 ga Janairu, wanda da ruwan azahar ake ƙamsasa shi. Ta ce ba lokacinsa ba ne, amma mai wannan suna ta isa a yi mata.

Ba kowa ya yarda da ni ba. Cikin 'yan'uwanmu na nan akwai wanda ya ce mini a fili na ɓoye sunanmu ne don yarinya ta saje da Turawa. Maganar ta yi mini zafi, domin tsoron da ke ƙarƙashinta ni ma ina da shi: na ga yaran da aka haifa a nan ba sa iya gaishe da kakanninsu a waya. Shi ya sa a ɗakinmu Hausa ake yi, ranar Asabar kuma tana zuwa karatun Alƙur'ani. Amma ban taɓa nadamar sunan ba. A 2018 da UNESCO ta sa Madinatuz Zahra cikin wuraren tarihi na duniya, maƙwabta har barka suka riƙa yi mata tana tatata. A ajinsu Lucía uku ce, wanda shi ma haske yake nufi, Azahara ita kaɗai. Ƙawayenta Asa suke ce mata, uwarta Ummi, ni kuma ina kiransa a cike yadda Bahaushe zai karanta shi. Ta kan ce Baba ne kaɗai ke faɗin h ɗinta.

A hutun Agusta na 2023 na kai ta Kano karo na farko, tana da shekara shida. Washegarin saukarmu tana wasa a tsakar gida wani yaro ya leƙo daga zaure ya ce, "An yi azahar!" Ta ajiye abin hannunta ta ce, "Na'am?" Gidan ya ɗauki dariya. Gwaggo, da yanzu sai da sanda, ta miƙa hannu ta ce, "Zo nan matar ƙanena, ba ke ake kira ba." Ta zaunar da ita a cinya ta daɗe tana kallon fuskarta.

Da la'asar ina alwala yarinyar ta zo ta ja hannuna. "Baba, zo ka gani, azahar." Ta kai ni bakin rijiya ta nuna sama. Lemon tsamin nan ne, ya tsufa, rassansa sun yi ƙaya, amma ga su nan tsakanin ganye, ƙanana, farare, ganye biyar-biyar, daidai saman inda Inna ke zama. Na tsinko guda na kai hanci. Shi ne.

Gwaggo na kallonmu daga kan tabarma. Ta ce, "Ai duk shekara yana yi. Ita ta dasa shi shekarar da ta tare. Ranar da ka bugo ka ce ka ga furen lemo ina nan zaune. Da ta miƙa wa yayanka wayar ta yi ta murmushi, ta ce yaron nan sai da ya kai bangon duniya ya ga abin da ke zubo masa a ka tun yana rarrafe." Ta dogara sanda ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar wuƙar nan naɗe cikin tsumma, ta miƙo mini da lemo guda. Na zauna inda Inna ke zama na fara ferewa, Azahara ta tsuguna a gabana ta tara hannu biyu tana jiran ɓawon ya sauko.